Motar Baba Tururi

A kamfanin sabulu ba a fara komai sai tururi ya tashi. Mai yana kwana a daskare cikin tanki, bututu yana kwana da sanyi, injin yanka yana tsaye. Duk suna jiran mutum ɗaya ya kunna babbar tukunyar da ke bayan gini, ya zauna yana kallon allurar agogonta har ta hau inda ake so, sannan ya buɗe bawul. Wannan mutumin shi ake kira Baba Tururi. Da baƙin gashi ya shigo kamfanin, yanzu gemunsa ya yi fari fat, kuma saura kaɗan ya ajiye aiki ya karɓi haƙƙinsa.

Aikinsa ba ya son baki. Abu ɗaya yake so, mutum ya riga kowa zuwa. Tukunyar tana da nauyin jiki, in ba a kunna ta tun da sauran duhu ba, jiniya za ta yi kuka ma'aikata su shigo su tarar da ita da sanyinta, mata masu naɗe sabulu su zauna a kan kwalaye suna hira har hantsi.

Hakan ta faru ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, cikin wata guda. Sai manaja ya aika a kira shi.

"Baba, zauna mana."

"Bar ni a tsaye, ranka ya daɗe. Kayana da baƙin mai."

"Baba, ka haife ni. Kai ka nuna mini ƙofofin wurin nan ranar da na zo. Amma masu kamfani ba su san wannan ba, abin da suka sani jiniya ta yi kuka babu tururi. Sun ce in aka ƙara ko sau ɗaya, in sallame ka in kawo wani. Ka kuma san wanda aka sallama da laifi, haƙƙinsa ba ya fita cikakke." Ya cire tabarau ya murza ido. "Abin da ya ɗaure mini kai, lokacin da kake zuwa a keke ba ka taɓa makara ba. Sai yanzu da Allah ya ba ka mota?"

Baba Tururi ya dubi tebur, ya dubi takalminsa, ya ce, "Na ji." Ya fita. Da ya tsaya bayani, da an kai azahar ba a gama ba, kuma ba bayani aka ɗauke shi yi ba.

Gidansa yana tsallaken kogi, kamfani yana wannan ƙetaren. Gada biyu ce ta haɗa su. Akwai babba ta motoci, akwai kuma ta ƙafa, siririya, mai matakala a kowane baki. Yawancin rayuwarsa ta ƙafar ya bi. Ya taka kekensa zuwa gindin matakala, ya saɓa shi a kafaɗa, ya hau, ya tura, ya sauka, ya sake hawa. Ba ya jiran kowa, ba mai jiransa. Ruwa ya dake shi, sanyi ya fasa masa leɓe, kare ya taɓa yaga masa wando, amma bai taɓa tarar da kowa a ƙofar kamfani ba sai mai gadi. A kan wannan keken ya ciyar da gida, a kansa ya kai 'yarsa ta fari makaranta tana zaune a kariya tana riƙe da rigarsa, har ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, kowa a layi ya koma kiranta Nas.

Gwiwa ce ta ci amanarsa. Wata safiya yana saukowa da keken a kafaɗa, ta hagun ta lanƙwashe kamar ba tasa ba, ya gangaro shi da keken. Likita ya duba hoton ƙashi ya ce gwiwar ta cinye, ba keke, ba matakala. Nas ta zo daga garin da take aiki, ba ta yi gardama da shi ba. Ta rataye keken a ɗakin ajiya, ta zura sarƙa a ƙafafunsa, ta datse da kwaɗo, ta jefa makullin a jakarta ta koma.

Sai ya koma bas. Ita kuwa bas ba ta san akwai wata tukunya a duniya ba. Ba ta barin tasha sai ta cika, in ta iso layinsu ta riga ta cika, kwandasta na reto a ƙofa yana ɗaga masa hannu alamar babu. In ta tsaya, a tsaye zai tafi, gwiwa na karɓar kowane rami, wani na taka shi, wata na ɗora masa buhu a ƙafa tana cewa "Yi haƙuri, Baba." A lokacin, kamfani ya kau da kai, don an san jinya yake, aka sa wani yana kunna masa tukunyar kafin ya warware. Amma alfarma ce, kuma ta ƙare.

Ana cikin haka Nas da mijinta suka iso da mota. Ƙarama ce, ta hannu, ruwan toka. Nas ta durƙusa a tsakar gida ta miƙa masa makulli da hannu biyu, ta ce, "Baba, ka huta haka nan." Daga baya ya ji daga bakin uwarta cewa yarinyar ta daɗe ba ta ɗinka ko ɗankwali ba. Ya iya tuƙi tun yana saurayi, a motar kai kaya ta kamfani. Makon farko, gaskiya, ya ji daɗi. Ya fita da duhu, titi fayau, ya haye babbar gada gilashi a sauke, gwiwa a miƙe, rediyo na magana ƙasa-ƙasa.

Abin da bai lissafa ba shi ne layinsu. Duk layin ba wata motar da ke tsallake kogi da sassafe sai tasa.

Malama ce ta fara, maƙwabciyarsu da ke koyarwa a wata makaranta a ƙetare. "Baba, ai hanya ɗaya ce, ko a bakin gada ka ajiye ni." Sai ƙanin matarsa, dogo mai surutu, wanda ke da tebur na kayan waya a kasuwa. Shi ko tambaya bai yi ba, buɗe gaba ya yi ya zauna ya gyara madubi ya duba fuskarsa. Sai tela na ƙarshen layi, wanda tsohuwarsa ke zuwa asibiti wasu ranaku a mako. Kowa, Iya yake ce mata. Wataran har mai burodi ya leƙo da tire biyu.

Ba nauyinsu ne matsalar ba. Babbar gada tana da ƙa'ida: ana tsare manyan motoci a bayan gari su kwana, da zarar gari ya fara haske sai a sake su gaba ɗaya. Wanda ya riga su hawa, kafin ya gama hamma ya haye. Wanda suka riga, ya zauna ke nan. Tsakanin riga da rashin riga kuwa ba wani lokaci ba ne mai yawa. Daidai yake da "Ina zuwa, Baba, in sa takalmi," da "Au, na manta da jakata," da tsohuwa mai jan ƙafa daga ƙarshen layi.

A cikin wannan cunkoson yake yin tunaninsa, tirela a gaba, tirela a baya, hayaƙi na shigowa ta ko'ina. Daga nan ana hango gadar ƙafa, masu keke na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ya auna su duka uku har ya gaji da aunawa. Keke zai kai shi a kan lokaci, amma zai ƙarasa gwiwar. Bas ba za ta taɓa kai shi a kan lokaci ba. Mota za ta kai shi, in shi kaɗai ne a ciki, kuma bai taɓa zama shi kaɗai ba tun bayan makon farko.

Ranar da manaja ya ja masa kunne, ya gaya wa matarsa tana tsane kwanuka.

Ta ce, "To ka ce musu a'a mana."

"Ke ki gaya musu."

"Ni? Da wane bakin? Malama ce ta kwana da ni a asibiti lokacin da aka yi mini aiki. Tela kuwa, ka manta wa ya ɗauko ka daga gindin gada kana kwance keke a kanka?"

"Ƙaninki fa? Me ya taɓa yi mini ban da cinye mini abinci?"

"Wannan kam ka jefar da shi a kogi, ba zan yi kuka ba."

"To a sayar da motar. In ba mota, ba mai jira."

Ta ajiye kwanon. "Ka sayar? Abin da yarinyar nan ta hana cikinta ta saya maka? Kai za ka kira ta ka gaya mata, ba ni ba. Kuma in ka sayar, da me za ka je? Da fiffike?"

Ya gwada fita da wuri ba tare da ya gaya wa kowa ba. Kwana biyu ya yi nasara. A na uku ya tarar da ƙanin matarsa jingine da motar yana goge baki. "Yaya, ashe an canja lokaci ba sanarwa? Ba komai, na gaya wa su Malama." Fitar ta koma da wuri, jiran takalmi da jaka kuwa ya ƙara tsawo, don yanzu da barci a idonsu suke fitowa.

Sai ya yi dabara irin ta mutumin da ya fi yarda da hannunsa a kan bakinsa. Ranar hutu da hantsi ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya zare fis ɗin famfon mai ya jefa a aljihun riga. Ya buɗe murfin inji a gaban kowa, ya yi ta murza makulli, mota na tari ba ta tashi. Ya girgiza kai ya ce, "Ta ƙi. Gobe kowa ya nemi hanyarsa." Nufinsa da asuba ya mayar da fis ya sulale shi kaɗai, da yamma ya ce da ƙyar ta tashi. In aka yi haka mako guda, za a ce motar ba ta da tabbas, a daina jiranta.

Kafin la'asar tela ya iso da bakanike, mutanen layi na biye da su kamar za a duba marar lafiya.

"Baba, ba ma bari ka kwana da damuwa," in ji tela. "Wannan yaron gidanmu ne, hannunsa da albarka."

Bakaniken ba yaro ba ne, da furfurarsa. Ya saurari injin, ya shinshina, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Ya daɗe a can. Da ya fito da kansa bai dubi motar ba, aljihun Baba Tururi ya duba. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Baba, motarka lafiyarta ƙalau. Abu ɗaya ne ya fita yawo. Za ka ba ni in mayar, ko in sa sabo in caje su?"

Baba Tururi ya saci kallon mutanen layi. Ya yi kamar zai nuna masa wani abu a ciki, ya zura masa fis ɗin a tafin hannu. Mota ta tashi bugu ɗaya.

"Datti ne kawai," in ji bakanike da ƙarfi.

Aka yi ta barka. Baba ya sa hannu a aljihu zai biya, tela ya riƙe masa hannu gam. "Haba Baba, kada ka zage mu. Motar nan ai tamu ce duka."

Washegari ya tashi da niyya ɗaya: wanda ya tarar a mota ya tafi da shi, wanda bai fito ba ya bar shi, ko waye. Malama na ciki, jaka a cinya. Ƙanin matarsa na gaba. Ya tayar da inji, ya sa giya. Sai ya ɗaga ido ya ga madubi. Can ƙarshen layi tela ne ya tallafo Iya, tana ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye ta huta kafin ta ɗaga ɗayar, mayafinta na jan ƙasa.

"Yaya, ga su nan fa," in ji ƙanin.

"Na gan su."

Ƙafarsa na kan totur. Sama ta fara yin toka-toka ta gabas. Ya san abin da ke jiransa a gada, ya san abin da ke jiransa a ofis. Ya ja dogon tsaki, ya sa giyar baya, ya koma ya same su don ya rage mata tafiya.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Iya, ana cusa ƙafafunta ciki.

"Amin, Iya. Rufe ƙofa, tela."

Sun makara. Tun kafin hawan gada suka tarar da bayan tirela ta ƙarshe, ko ta tsakiya, ba mai iya sani. Aka tsaya cik. Malama ta fara gyara takardun yara a cinyarta kamar wadda ta saba. Baba Tururi ya dubi hagunsa. Ga 'yar hanyar da ke gangarawa zuwa gadar ƙafa nan, kusa, har ana ganin matakalar.

Ya ja birkin hannu ya buɗe ƙofa, ya dubi ƙanin matarsa.

"Kai, ka iya tuƙi, ko a baki ne kawai?"

"Haba Yaya, ni da na taɓa kai amarya har..."

"Dawo nan. Ka kai Iya asibiti, ka sauke Malama. In ka goga mini ita a jikin wani abu, kada ka dawo layin."

Bai jira amsa ba. Hawan matakalar da sauƙi, ya kama ƙarfen gefe yana jan jikinsa da hannu. Saukar ce ta nuna masa likita bai yi ƙarya ba. Kowane taki kamar ana soka masa ƙusa a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Masu keke na ratsa shi, wani da ya san shi ya ce, "A'a, Baba Tururi, yau an tuna da talakawa?" Ya ci gaba da sauka taki ɗaya-ɗaya. Daga gindin gada zuwa kamfani da ƙafa ɗaya da rabi ya tafi, yana dafa bango inda akwai bango.

Mai gadi, abokinsa na shekaru, ya buɗe ƙaramar ƙofa yana kallonsa sama da ƙasa. "Ina motar? Ko masu ita sun karɓe?"

"Sun karɓe. Matsa."

Ya duba ruwa, ya buɗe mai, ya kunna wuta. Sauran ba a hannunsa yake ba, tukunya ba ta san sauri ba. Ya zauna a benci yana kallon allura tana rarrafe, yana jin muryoyin ma'aikata na taruwa a waje. Jiniya ta yi kuka allurar na gab da wurinta. Ya ƙara mata ɗan lokaci, daidai ɗaura gyale da sa safar hannun mata masu naɗe sabulu, sannan ya murɗa bawul a hankali. Bututu ya yi ƙara, ya yi tari, ya ɗau zafi. Da manaja ya ratsa ta cikin ma'aikata, tururi na huci ta kowane lungu. Bai ko leƙo bayan gini ba.

Da aka tashi aiki, gwiwar ta kumbura har ƙafar wando ta ƙi naɗuwa. Ya gwada takawa zuwa ƙofa, ya dawo ya zauna. Tashar bas da nisa. Ya kira ƙanin matarsa.

"Yaya, wallahi muna asibiti, sun riƙe Iya sai an ƙara mata ruwa. In bar su in zo?"

"Zauna da su."

Ya kira matarsa ya ce kada ta jira shi, zai kwana a wurin aiki, yau kaɗai. Mai gadi ya ara masa bargo. Ɗumin tukunya ya daɗe bai huce ba, gwiwar ta ji daɗinsa. Washegari ya kunna wuta tun kafin tsuntsaye su fara, ya yi wanka a famfon bayan gini, ya zauna. Tururi ya tashi da sauran lokaci mai yawa, kamar a zamanin keke.

Ran nan da yamma gwiwar ta ɗan saɓe, zai iya kaiwa tasha in ya daure. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa, ya tuna gobe da asuba, da madubi, da bayan tirela. Ya koma ciki.

Haka abin ya zauna, ba wanda ya yanke shi da baki. Ƙanin matarsa ne ke tuƙa motar yanzu. Kullum da hantsi, bayan an fita daga cunkoso, yakan tsaya a ƙofar kamfani ya danna hon, ya miƙa wa mai gadi kwanon abinci da wankakkun kaya, ya wuce da mutanensa. Matarsa ta yi faɗa a waya mako na farko, ta yi kuka a na biyu, daga nan ta koma tambayar ko ya shafa maganin gwiwa. Ranar hutu kaɗai yake zuwa gida, a bas, don yawanci motar ta kai wani wani wuri. In Nas ta kira ta ce, "Baba, yaya motar?" sai ya ce, "Tana aiki." Ta ce, "Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta."

Manaja ya tare shi wata rana a bakin tanki, fuska a sake. "Baba, masu kamfani sun yaba. Ka ga abin da nake gaya maka? Mai mota ba shi da dalilin makara."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Da yamma, in jiniyar tashi ta yi kuka, yakan fito ya zauna a kan bulo kusa da ɗakin mai gadi, ƙafar hagu a miƙe. Masu keke su fara fita, suna kaɗa ƙararrawa. Mata su bi a guje don su sami bas kafin ta cika. Motar manaja ce ta ƙarshe. Sai titin ya rage daga ƙura sai takardun naɗe sabulu da iska ke ja.

Mai gadi ya kama babban ƙyaure ya dube shi. "Yau ma? In rufe?"

Baba Tururi ya janye ƙafarsa daga hanyar ƙyauren.

"Rufe."